Mu Huɗu da Akuyar Malama

A shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare aka kawo mana sabuwar malamar lissafi. Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta jeka-ka-dawo, a nan cikin Minna, ba nisa da layin dogo. Kafin zuwan wannan malama, lissafi a wurinmu abin kwafa ne kawai. Malami ya cika allo, mu cika littafi, ya goge, ya sake cikawa. Wadda ta gane ta gane, wadda ba ta gane ba sai ta yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Ni ina cikin masu gyaɗa kan.

Malamar gajeriya ce, muryarta ba ta da ƙarfi, kullum gefen zanenta fari fat da alli domin a nan take goge hannu. A makonta na farko ta ce mu tashi mu juya bencina su fuskanci juna. Muka yi ta jan katako a kan siminti har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Ta raba mu huɗu-huɗu, kuma ba ta bar kowa ta zaɓi ƙawarta ba. Ta ce za ta riƙa ba da tambaya ɗaya tak, kowace ƙungiya ta yi ta tare, in lokaci ya cika kuma ita ce za ta nuna wadda za ta fito gaban allo.

"Saboda haka," in ji ta, "in ɗaya ta gane, uku ba su gane ba, ba ku gama ba tukuna."

A makarantar an hana yin kowane yare a aji sai Turanci. Amma da zarar mun haɗa kai a kan tambaya sai Hausa ta ɓarke a ko'ina, domin ita ce harshen da ya haɗa mu duka. Malama kuwa sai ta riƙa ratsawa tsakanin bencina, hannuwa a baya, kamar ba ta ji.

Mu huɗun da aka haɗa ba mu taɓa zama tare ba. Da wasa muka fara kiran juna da sunan inda kowa ta fito, har ya bi mu. Ni ce 'yar Tudun Wada. Mahaifina tela ne, kakana kuma aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi garin. Sai 'yar Zungeru, doguwa, mai tsafta ƙwarai, wadda ke zaune wurin gwaggonta a Minna saboda karatu. Ita ce ta fi kowa a ajin saurin lissafi, amma in tana rubutu sai ta kare takardar da hannun hagu, ba ka ganin komai sai amsar ƙarshe. Sai 'yar Bosso, 'yar ƙabilar Gbagyi, Kirista, 'yar manoman doya. Ba ta cika magana ba domin an sha yi mata dariya a kan Hausarta. Ita a bakinta kowa namiji ne, "Malama ya ce", "Mamana ya tafi kasuwa". Ta fi son ta zana abu da ta faɗe shi, in babu takarda kusa sai ta lashi yatsa ta zana a kan benci.

Ta huɗun ita ce 'yar Sabon Gari. Iyayenta Yarbawa ne, amma a nan aka haifi uban ma, tana jin Hausa kamar jakin Kano. 'Yar siririya ce, idanunta manya, farinsu da ɗan ruwan ɗorawa. Duk mun san tana da sikila, domin takan ɓace daga makaranta lokaci-lokaci ta dawo a rame. Amma in tana nan, kowa ya san tana nan. Bakinta ba ya hutawa.

Tambayar farko da Malama ta ba mu har yau ina tuna ta. Mutum goma sun haɗu a wurin biki, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya. Musabaha nawa aka yi?

Malama ba ta ma ajiye allin ba 'yar Sabon Gari ta buga benci ta ce, "Ɗari! Goma sau goma. Ku tashi mu tafi hutun tara."

'Yar Zungeru ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mutum yana musabaha da kansa ne?"

"Mahaukaci yana yi."

"Ba a ce bikin mahaukata ba ne. Kowa zai ba mutum tara hannu. Goma sau tara, casa'in." Ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsarta, ta rufe biro.

Ni dai na ji casa'in ta zauna mini daidai, tunda wadda ta iya ce ta faɗa. Har na fara gyaɗa kai sai na ga 'yar Bosso ta miƙo mini hannu ta saman benci. Na dube ta.

"Mu gwada da mu," ta ce a hankali. "Mu hudu ne. In hanyansa daidai ne, zai zama sha biyu."

Muka shiga ba juna hannu muna ƙirgawa. 'Yar Sabon Gari ba ta yarda a yi shi shiru ba, duk wadda ta riƙe wa hannu sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Hajiya? Ina gajiya? Ya mai gida, ya yara?" Muna dariya muna ƙirgawa, muka gama, shida muka samu. Muka sake, shida dai. 'Yar Zungeru ta haɗe rai ta ce mun yi kuskuren ƙirga.

A nan ne wani abu ya tsaya mini a rai, na faɗe shi tun kafin kunya ta kama ni. Na ce da ita, "To in na ba ki hannu, ai ke ma kin ba ni. Wannan ɗaya ce ko biyu?"

Ta dubi hannuna. Can ta buɗe biron, ta rubuta biyu a ƙarƙashin casa'in ɗin ta raba. Arba'in da biyar. Ba ta ce na yi daidai ba, amma ta ɗan turo takardar tsakiyar benci inda kowa zai gani. 'Yar Sabon Gari ta ce ai da ma ita ta san ɗari ta yi yawa, gwada mu take yi.

Haka muka ci gaba har zangon ya ƙare, wani ya shigo. Ba wanda ya raba mana aiki, amma kowa ta sami nata. 'Yar Sabon Gari ce mai jefa amsar farko, kuma kusan kullum ba daidai take ba. Ba ta damu ba ko kaɗan. In aka nuna mata inda ta kauce sai ta ce, "To, na buɗe muku ƙofa, sai ku shiga." 'Yar Zungeru ba ta iya jin amsar da ba daidai ba ta yi shiru, dole ta gyara, wajen gyaran kuwa sai ta faɗi abin da da ba za ta faɗa ba. 'Yar Bosso ta mayar da maganar zane. Ni kuma abin da na iya shi ne in ce, "Tsaya, ban gane ba, daga ina wannan bakwai ɗin ta fito?" Da farko ina jin nauyin faɗin haka. Daga baya na lura sau da yawa inda na tsaya, nan ne wata ma ta tsaya ba ta faɗa ba, wani lokacin kuma nan ne kuskuren yake kwance.

Ba kullum muke dacewa ba. Akwai ranar da muka haɗu mu huɗu muka yarda da amsa guda, da zane da bayani da komai, aka fitar da ni gaban allo na yi ta zuba da ƙarfin gwiwa, ashe tun layin farko mun juya alamar ragewa ta koma ta tarawa. Malama ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta tambayi ajin ko akwai mai magana. Hannuwa suka tashi kamar goma. Da na dawo mazauni 'yar Sabon Gari ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ta ƙarƙashin benci ta ce, "Ci, ki huce. Kin faɗi da kyau."

Lokacin tara ma sai muka koma zama tare a gindin wani mangwaro da ke bayan ajin. 'Yar Bosso takan zo da dafaffiyar doya a leda, da yaji a ƙunshe cikin takarda. Ni ina kawo masa in Inna ta toya. Wata rana a nan ne na tambayi 'yar Zungeru dalilin da take rufe takardarta. Tana wasa da ganye ta ce a tsohuwar makarantarsu an taɓa zane ta a gaban aji domin wata ta kwafi aikinta har da kuskuren, malamin bai tsaya tambayar wace ce ta kwafi wata ba. 'Yar Sabon Gari ta ce, "Kwantar da hankalinki. Rubutunki ma ƙanana ne kamar ƙwan tururuwa, ko kin buɗe ba ma gani." 'Yar Zungeru ta yi murmushi. Hannun bai daina hawa kan takardar ba a rana ɗaya, amma ya riƙa mantawa.

Da damina ta kankama, ruwan Minna ya shiga zuba irin wanda yake yi ba ƙaƙƙautawa, sai 'yar Sabon Gari ta ɓace. Ranar farko mun ɗauka ruwa ne ya hana ta. Daga baya wata maƙwabciyarsu da ke wani ajin ta ce ruwa ya dake ta a hanyar komawa gida, ciwon ya tashi, an kwantar da ita a asibiti.

A cikin kwanakin nan ne Malama ta ba da tambayar akuya. Ba ta zana komai a allo ba, karantawa kawai ta yi muka rubuta. Akwai ɗaki mai bango huɗu daidai wa daida, kowane bango tsawonsa mita huɗu. An ɗaure akuya daga waje, a kusurwa ɗaya ta ɗakin, da igiya mai tsawon mita shida. Ciyawa ta kewaye ɗakin ta ko'ina. Mene ne girman filin da akuyar za ta iya ci?

Sauran ƙungiyoyi suka kaure da surutu. Mu uku muka zauna muna kallon gurbin da babu kowa. Ni a raina na ga kamar da'ira ce, amma na ce bari in ji abin da 'yar Zungeru za ta ce tukuna. Ita kuma ta duƙufa tana rubutu, hannun hagun ya koma inda ya saba. Ta rubuta, ta soke, ta sake. 'Yar Bosso ta zana ɗan ɗaki a gefen takarda, ta zana akuya har da ƙaho da gemu, ta tsaya nan tana ƙara wa akuyar gashi. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma don ba mu da abin cewa ba ne. Kowa dai tana jiran wata ta fara. Har aka kaɗa ƙararrawa ba wadda ta buɗe baki a cikinmu.

Malama ta tsaya a kanmu ta dubi takardunmu, ta dubi gurbin. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa ajin duka a tafi da tambayar gida, ranar Litinin za a ji daga kowa.

A bakin ƙofar makaranta 'yar Bosso ta ce ta ji an sallamo 'yar Sabon Gari daga asibiti, ko za mu je mu gaishe ta ranar Asabar. Da na gaya wa Baba da yamma yana kan keken ɗinki, na yi zaton zai ce Sabon Gari ta yi nisa ga yarinya. Ya cire zaren da ke bakinsa ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na kwatanta masa. Ya ce, "Je ki. Mu da su duk jirgi ɗaya ne ya sauke kakanninmu a garin nan. Ki dawo kafin magariba." Inna ta dama kunun gyaɗa ta zuba a fulas, ta ce in ce da uwar tana yi musu sannu.

Muka haɗu da hantsi. 'Yar Bosso ta ɗauko doya biyu manya a ka, sabuwar doya daga gonarsu. 'Yar Zungeru ta zo da busasshen kifi da aka aiko wa gwaggonta daga gida. Muka bi lunguna muna tsallake kwatami da taɓo, muka wuce masu walda da masu gyaran babur, da wata coci inda ake koyon waƙa, har muka isa wani gidan haya mai dogon baranda da ɗakuna a jere. Mahaifiyar 'yar Sabon Gari ta fito tana goge hannu a zane. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"'Ya'yana, ku ne na makarantar? Ku ne masu lissafin? Ku shigo, ku shigo. Kullum sai ta yi maganarku."

'Yar Sabon Gari tana kwance a kan gado cikin rigar sanyi da bargo, alhali mu gumi muke yi. Ta ƙara ramewa, leɓunanta sun bushe, bayan hannunta ya kumbura inda aka yi ta sa mata ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa ban san abin da zan ce ba bayan sannu. Ita ce ta cece mu. Ta dubi doyar ta ce da 'yar Bosso, "Wannan ai gaisuwar surukai ce. Wa kike so a gidanmu?"

Muka zauna a bakin gadon. Mama ta tayar da ita zaune, ta jingina ta da matasai, ta zuba mata kunun a kofi. Ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Mun yi shawara tun a hanya ba za mu ɗaga mata hankali da maganar karatu ba, amma bayan ta gama tambayar wa aka zane, wa ya yi faɗa da wa, sai ta ce, "Me Malama ta bayar?"

'Yar Zungeru ta ce ba komai. Mara lafiyar ta ce ƙarya ne, fuskarmu ta nuna. Sai na karanto mata tambayar da ka.

Ta lumshe ido kamar mai dogon tunani, ta buɗe ta ce, "Wannan ne ya gagare ku? Da'ira ce mana. Akuya ta ja igiya ta zagaya, ta dawo inda ta fara. Ku nemo girman da'ira mai igiya shida, a wuce wurin."

"Akuya zai ci bango?" in ji 'yar Bosso. "Dakin yana nan fa. Ba zai shiga ciki ba."

"To a cire ɗakin."

'Yar Zungeru ta gyara zama. "Ba ɗakin za a cire ba. Kusurwar ce ta tare kwata guda na da'irar. Saura kwata uku." Ta jawo wata takardar magani da ke kan tebur ta juya bayanta, ta ciro biro daga jaka. Kafin in gama fahimtar maganar har ta fitar da lamba ta faɗa. Ta ce wannan ita ce amsar da ta samu tun a aji, amma zuciyarta ba ta kwanta da ita ba, ta kasa gane dalili.

Na ce ta sake, a hankali. Ta sake. Na bi ta har ƙarshe, na ga babu inda ta kauce, amma wani abu yana ci na. Na ce, "Igiyar shida ce, bangon huɗu. In akuyar ta bi jikin bango har ta kai ɗaya kusurwar, ta ci huɗu ke nan. Sauran biyun fa, ina suka tafi?"

Sai 'yar Bosso ta tafa hannu. "Zai lankwashe! Akuyan gidanmu haka yake yi da rumbu. Kullum sai ya nade kansa ta baya, ya yi ta kuka."

'Yar Zungeru ta ce ba ta gani ba. 'Yar Bosso ta fara zane, zanen bai fitar da abin ba. Daga kan gado mara lafiya ta ƙwala kira, da muryar da ba mu zaci tana da ita ba, "Mama! Ashana da zare! Da maɓalli!"

Mama ta kawo, tana tambayar ko ɗinki za mu yi. Muka ɗora faranti a kan cinyar 'yar Sabon Gari. Kwalin ashana ba daidai wa daida yake ba, sai 'yar Zungeru ta hango wani kwalin sabulu mai ɓangarori huɗu daidai a kan taga, muka ɗauke shi ya zama ɗaki. Aka ɗaura maɓalli a bakin zare, ya zama akuya. 'Yar Zungeru ta auna zaren ya yi tsawon bango ɗaya da rabi, ta tsinke da haƙori. 'Yar Sabon Gari ta ce ita ce turke. Ta ɗora yatsarta mai kumburi a kusurwar kwalin ta danne bakin zaren.

'Yar Bosso ta ja maɓallin a hankali, zaren a miƙe, tana yin kukan akuya ƙasa-ƙasa. Ya zagaya babban fili, ya zo ya kwanta a jikin kwalin. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da ja, zaren ya kama ɗaya kusurwar ya lanƙwashe, guntun da ya rage ya share wata 'yar ƙaramar kwata a bayan kwalin. Mu huɗu kawunanmu a haɗe a kan faranti, ina jin ƙamshin man zafin da aka shafa mata.

"Sake," in ji 'yar Zungeru.

Ta sake. Sannan ta mayar da akuyar ta ɗaya ɓangaren, nan ma haka, wata 'yar kwatar.

'Yar Zungeru ta ɗauki takardar maganin, a gabanmu ta ja layi a kan amsarta ta soke ta, tana dariya. Ban taɓa ganin ta soke abu tana dariya ba. Ta ce, "Kwata uku na babbar, mai igiya shida. Da kwata biyu na ƙaramar, mai igiya biyu. Shi ke nan abin da ya hana ni sukuni." Wannan karon da ƙarfi ta riƙa faɗin kowane mataki tana rubutawa, tana tsayawa ta dube ni. In na ce na gane ta wuce.

'Yar Sabon Gari ba ta ɗaga yatsarta daga kwalin ba. Ta ce, "To in igiyar ta kai goma fa? Akuyar ta zagayo ta nan, ta zagayo ta can, ai za ta ci wuri ɗaya sau biyu." Muka tsinko wani zaren mai tsawo muka gwada, muka ga gaskiyarta, filayen biyu sun hau kan juna a bayan ɗakin. Muka yi ta gardamar yadda za a cire abin da ya maimaitu. Ba mu iya ba. Har yau ban zauna na ƙarasa wannan ba.

Da na ɗago kai sai na ga Mama tsaye a bakin labule, tana share ido da gefen ɗankwali. Ta ce tun ranar da ruwan nan ya dake ta ba ta ji dariyarta ba sai yau. Sannan ta ce ba mai fita gidan nan sai ya ci abinci. Ta kawo amala, tuwon garin doya na Yarbawa, da miyar ayoyo mai yauƙi da jar miya a kai. Ranar na fara cin amala, 'yar Sabon Gari tana daga kwance tana koya mini yadda ake yanko loma ba tare da miyar ta gudu ba.

Muna cikin ci ciwon ya motsa. Magana take yi ta tsaya a tsakiya, ta cije leɓe, ta riƙe gwiwarta. Mama ta fita da sauri ta dawo da ruwan zafi da tawul, ta shiga gasa mata ƙafafun tana yi mata magana da Yarbanci a hankali. Muka tsame hannu daga kwano. Ban san lokacin da na kama hannunta ba, ta matse nawa har na ji zafi. Ina karanta abin da na iya a zuci, na ga 'yar Bosso ta sunkuyar da kai, leɓunanta suna motsi, tana yin tata addu'ar. 'Yar Zungeru ta ɗauke farantin da kwalin daga kan gado ta ajiye a ƙasa, ta gyara mata bargo.

Bayan wani lokaci abin ya lafa, barci ya fara ɗaukarta. Muka tashi a hankali. Har mun kai ƙofa ta ce, ido a rufe, "Ku tafi da akuyar. Ku ce wa Malama ni na ɗaure ta."

Ranar Litinin Malama ta zagaya ajin da ido, yatsarta ta sauka a kan 'yar Bosso, wadda ba ta taɓa fita gaban allo ba tare da muryarta ta shaƙe ba. Ta tashi ta fara da Turanci, ta yi jimla biyu ta maƙale. Wasu suka fara ƙus-ƙus. Malama ta ce, "Faɗa musu yadda kika faɗa wa 'yan'uwanki."

Sai 'yar Bosso ta ajiye allin. Ta jawo teburin Malama tsakiya, ta kwance ɗamarar rigarta ta makaranta, ta ce in zo in riƙe bakin a kusurwar tebur. Ita ta zama akuyar. Ta riƙe ɗaya bakin ta zagaya, ta zo jikin tebur, ɗamarar ta lanƙwashe, ta leƙa ta baya tana cewa, "Kun gani? Akuya bai gama ci ba. Saura nan." Ajin ya fashe da dariya, amma ba irin dariyar da ta saba sha ba, domin a cikinta ina jin 'yan mata suna cewa, "Au! Haka ne fa!" Ƙungiyoyi da yawa a kwata uku suka tsaya. 'Yar Zungeru ta fito ta rubuta lissafin a allo da manyan baƙi. Da muka isar da saƙon mai akuyar, Malama ta yi dariya ta ce a gaya mata an karɓa, ta yi maza ta warke.

'Yar Sabon Gari ta dawo bayan wasu makonni, cikin rigar sanyin yayanta wadda ta kai mata gwiwa. Mun ci gaba da zama tare har muka gama makarantar. Ban zama gwanar lissafi ba, amma na ci shi a jarrabawar ƙarshe, abin da ko Baba bai yi tsammani ba. 'Yar Zungeru ta yi nisa da karatu, yanzu tana koyarwa a wata jiha, sai a waya muke gaisawa. 'Yar Bosso ma'aikaciyar jinya ce, tana nan garin, mukan haɗu a kasuwa mu tsaya mu tare wa mutane hanya.

'Yar Sabon Gari tana da shagon sayar da atamfa da leshi, da 'ya guda. Ciwon ya taɓa mata ƙugu, tana ɗan ɗingishi, takan yi kwanaki shagon a rufe. Kwanan baya na je sayen yadi na tarar da ita tana cinikin da ya fi kama da faɗa da wata amarya a kan launin anko. Ta sallame ta, ta jawo mini kujera, ta aika a sayo mana lemo. Muka zauna muna ɓarewa, muna kallon masu wucewa, tana ba ni labarin kowa da ke layin. Can hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa atamfofin da ke rataye. Na tashi na taya ta shigar da su ciki, na ce ta rufe shagon ta tafi gida tun ruwa bai sauko ba. Ta yi gardama kaɗan, sannan ta miƙo mini kwaɗon ta ce in rufe, ita bari ta tsayar mana da keke mai ƙafa uku.